Shak a Waya, Dorina a Binuwai: Ribar Fina-finan Kifi Masu Araha da Hasararsu



Ƙaramin abu ne ya jawo wannan rubutu. A lokacin zafin da ya wuce, wani yaro ɗan shekara 7 a gidan ɗaya daga cikinmu a Jambutu ya ƙi yarda a zaunar da shi a baho, ya ce sai dai a yi masa wanka da buta yana tsaye. Da aka matsa masa da tambaya, sai ya ce kifin shak yana fitowa ne daga ƙasan ruwa. Ashe yayyensa ne suka kwana biyu suna kallon wani fim a waya, shi kuma yana leƙe ta bayansu. Aka yi dariya, aka rarrashe shi. Da labarin ya zo majalisa, sai wani dattijo a cikinmu ya yi tambaya guda: "To su yayyen nasa, ina suke zuwa da tsakar rana in zafi ya tsananta?" Kowa ya san amsa. Bakin kogi suke zuwa, wajen gada. Ƙaramin yana tsoron ruwan baho, manyan kuma ba sa tsoron Binuwai.

Tun daga ranar muke ta muhawara a kan waɗannan fina-finai na kifin shak, musamman masu ƙaramin jari, waɗanda suka cika memorin yaranmu da tashoshin tauraron ɗan'adam. Wasu a cikinmu sun ce shirme ne zalla, ɓata lokaci da cajin waya. Wasu sun ce nishaɗi ne, a bar yara su huta. Matsayar da muka cimma ita ce: ƙarancin kuɗi shi kansa ba laifi ba ne a fim. Mafi kyawun waɗannan fina-finai talauci ne ya gyara su, mafi muninsu kuma talaucin suka fake da shi suka yi ha'inci. Sanin bambancin nan zai amfane mu a matsayinmu na masu kallo, na iyaye, da kuma mutanen da suke zaune a bakin babban kogi.

Yadda kifin teku ya iso bakin Binuwai

Tsakaninmu da teku ɗaruruwan kilomitoci ne. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, balle shak. Duk da haka, ka je wajen masu tura fina-finai a kewayen kasuwar Jimeta ka ce kana son "na kifi", ba za a tambaye ka wane kifi ba. Dalilin a fili yake. Irin wannan fim ba ya buƙatar jin Turanci. Wanda yake jin Hausa kawai, da mai Fulatanci, da mai Bachama, duk za su zauna a benci ɗaya su fahimci abu ɗaya: ga mutum a ruwa, ga abu yana zuwa. Fim ɗin kotu ko na siyasa sai an fassara, wannan kuwa ihun 'yan wasa ya wadatar.

Su ma masu shiryawa suna da nasu lissafin. Kifin shi ne tauraron fim, kuma ba a biyansa ko sisi. Ba a buƙatar gina gari ko ɗinka kayan sarauta. Jirgin ruwa ɗaya, bakin teku, 'yan wasa biyar ko shida, sai hoton baki mai haƙora a jikin fosta. Sunan fim da fostar su ne suke sayar da shi tun kafin kowa ya kalla. Wannan ne ya sa duk shekara sai an fito da sababbi, har mai kallo ya rasa na ɗauka.

Inda talauci ya zama malami

Tushen wannan sana'a shi ne fim ɗin Jaws na shekarar 1975, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni. Shi ba fim ɗin araha ba ne, domin ya ci kusan dala miliyan 9, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Amma darasin da ya bari na masu ƙaramin jari ne. An ƙera kifin roba mai inji don a nuna shi sosai, sai ruwan gishiri ya riƙa lalata shi. Aikin da aka shirya gamawa cikin kwana 55 ya kai kwana 159. Da injin ya ƙi aiki, dole darakta ya nemi dabara. Ya sa kyamara a ƙarƙashin ruwa tana kallon ƙafafun masu iyo, kamar idon kifin ne. Ya nuna duro masu ruwan ɗorawa da aka ɗaura wa kifin suna gudu a saman ruwa. John Williams kuma ya haɗa kiɗa mai sautuka biyu da ke ƙara sauri. Sai an yi sama da sa'a guda ana kallo kafin a ga kifin da kyau, amma tun daga mintunan farko gaban mai kallo yake faɗuwa.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Kakanninmu da suke mana tatsuniya a tsakar gida ba su taɓa nuna mana hoton dodo ba. Murya kawai suke sauyawa, su yi shiru kaɗan, mu kuma mu matso jikinsu. Labarin macijin rijiyar Kusugu a Daura ma haka yake: abin da ya riƙe gari shi ne abu a cikin ruwa, a ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Zuciyar mutum ta fi kowace kwamfuta iya zana abin tsoro, in dai an ba ta dama.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan darasi shi ne Chris Kentis, mai fim ɗin Open Water na 2003. Shi da matarsa Laura Lau suka zuba kuɗinsu, suka ɗauki fim ɗin da ƙananan kyamarori a tekun Bahamas, kuma abin da suka kashe bai wuce dala dubu 500 ba. Da yake ba su da kuɗin zana kifi a kwamfuta, sai suka yi amfani da shak na gaske, 'yan wasan biyu suna sanye da rigar sulke a ƙarƙashin kayan ninƙaya. An gina labarin ne a kan wani abu da ya faru a Ostareliya a 1998, inda jirgin masu yawon nutso ya koma gaɓa ya bar wasu ma'aurata a tsakiyar teku. A cikin fim ɗin, mai ƙirga fasinja ne ya yi kuskuren lissafi, jirgi ya tashi. Daga nan babu komai sai mutum biyu da ruwa. Suna fara da wasa, su koma zargin juna, su koma kuka, rana tana faɗuwa. Fim ɗin bai cika minti 80 ba, amma ya tara sama da dala miliyan 50 a gidajen silima.

Akwai wasu da suka bi wannan hanya. The Reef na 2010, na ɗan Ostareliya Andrew Traucki, ya haɗa hoton shak na gaske da na 'yan wasa maimakon ya zana na ƙarya. Kafin shi, Traucki da abokin aikinsa sun yi Black Water a 2007, labarin mutane uku da kada ya kifar musu da jirgi, suka maƙale a kan bishiya cikin fadama. Shi kuwa 47 Meters Down na 2017, wanda ya ci kimanin dala miliyan 5, labarin ya da ƙanwa ne da suka shiga kejin ƙarfe don kallon shak, igiya ta tsinke, keji ya nutse da su mita 47. Tsoron da ke cikinsa rabi na kifi ne, rabi na iskar numfashi ce da ke ƙarewa a tukunyar da suka goya. Ga kuma matsalar cewa wanda ya yi nutso mai zurfi ba ya tasowa sama da gaggawa, domin hakan kan iya illata shi. Kowane minti da lissafinsa.

In aka duba waɗannan, za a ga ƙarfinsu iri ɗaya ne. Wuri ɗaya, mutane kaɗan, matsala guda da yaro ma zai gane, da lokaci da ke ƙurewa. Rashin kuɗi ya hana su fashe-fashe da jirage masu saukar ungulu, sai ya tilasta musu su dubi fuskar ɗan'adam a lokacin da ya ga mutuwa. Wa zai yi haƙuri, wa zai ɗora laifi a kan wani, wa zai ba ɗan'uwansa sauran iskarsa? A nan fim yake zama abin da za a tattauna bayan an kashe waya.

Inda araha ba ta ado

Amma gaskiya ɗaya ce, irin waɗannan tsiraru ne. Akasarin abin da ake tura wa yaranmu daga ɗaya ɓangaren yake. Wani kamfani a Amurka mai suna The Asylum ya shahara a wannan fage. A 2009 ya fitar da Mega Shark Versus Giant Octopus, inda shak ya yi tsalle daga teku ya cafke jirgin sama yana tafiya cikin gajimare. A 2012 aka yi shak mai kai biyu, a 2015 mai kai uku, daga baya mai kai biyar, a 2018 mai kai shida. A 2013 aka yi Sharknado, inda guguwa ta kwaso kifaye daga teku ta riƙa watsa su a kan birnin Los Angeles, jarumin kuma ya faɗa cikin bakin kifi da zarto mai inji ya yanko kansa ya fito. An yi wannan har kashi shida zuwa 2018.

Ba za mu yi ƙarya ba, mu ma mun yi dariya. Masu irin su Sharknado sun san shirme suke yi, kuma ba su ɓoye ba. Wanda ya wuni a rana yana tuƙa keke napep daga Doubeli zuwa Yola, in ya zauna da dare ya yi dariyar kifi mai tashi sama, ba mu ga abin zargi ba. Sai dai abin dariya sau ɗaya yake ba da dariya. In aka maimaita shi sau shida, ya zama neman kuɗi kawai. Mafi muni kuma su ne waɗanda ba su kai su ba da tsoro ba, ba su kuma kai su ba da dariya ba, sun tsaya a tsakiya suna cinye sa'a ɗaya da rabi na rayuwar mutum.

Rauninsu na farko shi ne gaggawar nuna kifin. Zanen kwamfuta mai kyau yana da tsada ƙwarai. Fim kamar The Meg na 2018, wanda Jason Statham ya fito a ciki, ya ci sama da dala miliyan 100. Mai ƙaramin jari da ya ce sai ya yi gasa da wannan, abin da zai samu shi ne kifi mai kama da balan-balan, wanda ba ya jiƙewa, ba ya motsa ruwa, girmansa kuma yana sauyawa daga fitowa zuwa fitowa. Yanzu ya kai tsawon kwale-kwale, an jima ya kai tirela. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da zarar mai kallo ya gane roba ce, tsoro ya tafi, kuma ba ya dawowa.

Na biyu shi ne rashin mutunta hankalin mai kallo. Ana rubuta 'yan wasa ne kamar awakin da aka tara don yanka. An ga jini a ruwa, wani zai ce bari ya shiga ya duba. An samu tudu an tsira, wata za ta koma ɗauko jaka. Ba a ba mu dalilin da zai sa mu damu da kowa ba, saboda haka in kifi ya ɗauki mutum, abin da ake yi a gidan kallo shi ne ƙirga saura nawa. Fim ɗin da ya koya wa yaro ya yi tafi in an cinye mutum, ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kansa.

Na uku ya shafi tarbiyya kai tsaye. Da yake labarin a bakin teku yake, masu shiryawa suna cike giɓin labari da 'yan mata cikin kayan wanka da shaye-shaye. Sau da yawa rabin sa'ar farko ba ta da wani aiki sai wannan. Uba yana jin an ce "fim ɗin kifi ne" sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka irin shirin namun daji ne. Ko Open Water da muka yaba, akwai wurin tsiraici a farkonsa, kuma ƙarshensa mai nauyi ne, bai dace da ƙananan yara ba. Kyan fim a wajen babba daban, dacewarsa da yaro daban.

Na huɗu shi ne ƙarya a kan halittar Allah. A fim, shak yana ruri kamar zaki, alhali ba shi da abin yin murya. Yana riƙe mutum a zuciya, ya bi jirgi kwana da kwanaki don ramuwa. A zahiri akwai nau'in shak sama da 500, mafi yawansu ba ruwansu da mutum, kuma mafi girmansu ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya ci. Cibiyar da ke tattara alƙaluman harin shak a gidan tarihi na Florida tana nuna cewa a yawancin shekaru, waɗanda shak ke kashewa ba tare da an tsokane shi ba a duk duniya ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. A ɗaya ɓangaren, wani bincike da aka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa mutane suna kashe shak kusan miliyan 100 a shekara. Peter Benchley, wanda ya rubuta littafin da aka ɗauko Jaws daga ciki, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare wannan kifi, saboda ya ga irin ƙiyayyar da labarinsa ya haifar.

Tsoro a inda ba nan ne wurinsa ba

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da shak, tunda babu shi a nan? A nan ne maganar dattijon majalisarmu ta shigo. Tsoro baiwa ce da Allah ya ba ɗan'adam don ya kare kansa, amma sai an ajiye shi a inda ya dace. Waɗannan fina-finai suna koya wa yaro cewa haɗarin ruwa yana da haƙora, yana da fiffike a gadon baya, kuma kiɗa yana sanar da zuwansa. Ruwan da ba shi da waɗannan alamu, a wajensa lafiya lau ne.

Ruwanmu kuwa ba haka yake kisa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum dubu 300 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mu a nan ba ma buƙatar alƙaluman Geneva. Ba mu manta da watan Satumbar 2023 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife a tafkin Njuwa aka rasa rayuka, kwanaki kaɗan bayan haka wani ya sake kifewa a Gurin ta ƙaramar hukumar Fufore. Ba mu manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, da yadda ake zaman ɗar-ɗar duk lokacin da aka ce za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Babu kifi ko ɗaya a cikin waɗannan musibu. Ruwa ne da iska, da jiragen katako, da mutanen da ke neman abinci.

Ga kuma haɗurran da ba sa shiga labarai. Ramin da masu haƙar yashi suka bari a ƙasan kogi, yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa sai ya zurma. Igiyar ruwa da ke ja ta ƙasa alhali sama lumui. Cutar tsargiya da ke kama yaran da ke wanka a ruwan da ba ya gudu, har su riƙa fitsarin jini. In kuma dabba ake nema, muna da tamu. Mutanen da ke kewayen madatsar Kiri a kan kogin Gongola, wajen Shelleng da Guyuk, sun san dorina sarai. Ciyawa take ci, amma tana kare wurinta, tana iya kifar da kwale-kwale, kuma mai ɗa ta fi kowacce haɗari. Da dare take fitowa kiwo a tudu, kuma masana ruwa suna gargaɗin kada mutum ya shiga tsakaninta da ruwa. Dorina da kada sun fi shak kashe mutane nesa ba kusa ba. Yaranmu sun san sunan shak iri uku, amma nawa ne a cikinsu suka san wannan gargaɗin?

Ku tuna kuma da abin da ya jawo musibar Open Water: ba a ƙirga fasinja daidai ba. Sau nawa ake jin jirgi ya kife a ƙasar nan, a kwana biyu ana gardamar mutum nawa ne a ciki? Wannan darasi ɗaya ya fi duk haƙoran da ke fina-finan nan amfani a gare mu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tana ta nanata a sa rigar kariya, a daina lodi fiye da kima, a daina tafiyar dare. Fim mai kyau zai iya shigar da wannan saƙo inda sanarwar rediyo ba ta kai ba.

Kira ga matasanmu masu kyamara

Wannan ne ya kawo mu ga 'yan fim ɗinmu. A Yola da Jimeta akwai matasa da yawa masu ɗaukar gajerun fina-finai da barkwanci suna sawa a YouTube da TikTok, wasunsu ɗalibai ne a Jami'ar Modibbo Adama ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa. Kukansu kullum ɗaya ne: babu jari. Muna jin wannan kuka, gaskiya ne. Amma masana'antar Kannywood kanta da ƙaramin jari ta fara, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. Abin da ya rage mata har yau shi ne yawancin labaranta a falo da tsakar gida suke ƙarewa. Mu kuwa Allah ya ba mu abin da Kano ba ta da shi: kogi mai tsawon kusan kilomita 1,400 yana ratsa mu, ga tafkin Geriyo, ga Njuwa, ga masunta da matuƙan jirgi masu ilmin ruwa na gado.

Ku ɗauki misali. Mutum shida sun taso daga gona a tsallaken kogi da yamma, da buhunan masara. Injin jirgi ya mutu, hadari ya haɗo, suka maƙale a kan tsibirin yashi, ruwa kuma yana ƙaruwa. Waya ɗaya ce mai caji, rigar kariya biyu ce kacal. Can cikin duhu ana jin gurnanin dorina. Wa za a ba riga, tsohuwa ko mai ciki? Wa ya dage a ƙara buhu biyu a jirgi tun farko? Ba sai an nuna dorinar ba ko sau ɗaya. Sautinta, da motsin ciyawa, da sawunta a kan yashi da asuba sun isa. Duk wanda ya taɓa tsallaka Binuwai zai kalli wannan yana riƙe da numfashi, kuma in ya zo shiga jirgi gobe zai tambayi riga.

Sai dai a ɗauki darasin duka, har da na kuskuren wasu. Kada a ɓata ɗan kuɗin da ake da shi wajen zana dabbar ƙarya da za ta mai da fim abin dariya. A zuba shi a kan rubutu da sauti, domin a irin wannan fim kunne ya fi ido aiki. A rubuta mutane masu hankali waɗanda suka yi iya ƙoƙarinsu, ruwa ya fi ƙarfinsu. A zauna da sarkin ruwa da dattawan masunta a ji yadda abin yake, kada a ƙirƙira musu al'adar da ba tasu ba, kada kuma a mai da wata ƙabila ko sana'a abin zargi. Kada a mai da dorina shaiɗaniya yadda aka yi wa shak, har a sa matasa su fita farautarta. Sama da komai, kada a sa ran kowa a haɗari don hoto. Waɗanda suka yi Open Water sun yi aiki da ƙwararrun masu kula da shak, 47 Meters Down kuma akasarinsa a cikin tankin ruwa aka ɗauke shi. A nemi wuri marar zurfi, a lokacin rani, da masunta a kusa da riguna a jikin kowa. Iya ruwa fid da kai.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu ce a hana kallo ba, domin hani ba ya aiki a zamanin da fim yake shiga aljihu ta Bluetooth. Abin da muke roƙon iyaye shi ne su leƙa. Ka karɓi wayar ka kalli minti goma na farko, a nan ake gane yawancinsu. In yaro ya kalla, a tambaye shi: wannan zai iya faruwa? Me ka ga sun yi na wauta? Da kai ne a jirgin, me za ka yi? Daga nan a ja hirar zuwa kogin da ke bayan gida, a gaya masa inda rami yake, da lokacin da ruwa ke ƙaruwa, da dalilin da ya sa ba a zuwa wanka babu babba.

'Yan uwanmu masu tura fina-finai kuma, sana'arku halal ce, kuma kun fi kowa sanin abin da ke cikin kwamfutocinku. In yaro ɗan firamare ya zo da memori, ku duba abin da za ku sa masa kamar ƙaninku ne. In babba ya zo neman na kifi, ku nuna masa masu ma'ana, zai dawo gobe ya gode.

Shi kuwa yaron Jambutu, mun ji ya koma shiga baho, bayan kawunsa ya nuna masa a taswira inda teku yake da inda Jimeta take. Yayyensa ne har yanzu ake fama da su, kuma aikin ba na gidansu kaɗai ba ne, na unguwa ne gaba ɗaya. Damina tana zuwa kowace shekara, kogi kuma zai cika kamar yadda ya saba. Allah ya tsare mana zuri'a, ya kiyaye masu neman abinci a kan ruwa, ya sa mu ga ranar da za a kalli fim ɗin Binuwai wanda 'ya'yan Binuwai suka shirya. Amin.